Shekara Guda da Jika 860: Nazarin Yadda Wata Ɗaliba daga Tawa Ta Zaɓi Karatun Kwamfuta

Asalin lamarin, Oktoba 2022

Yarinyar tana da shekara 18, tana ajin tarminal D a wata lise ta gwamnati cikin garin Tawa. Mahaifinta ɗan kasuwar albasa ne: yana saye a gonakin Galmi da kewaye lokacin girbi, ya zuba a rudu, ya fitar idan farashi ya tashi. Kuɗin gidan ke nan ba wata-wata suke shigowa ba, sau biyu ko uku ne a shekara, kuma ba a san yawansu sai an sayar. Uwar tana ɗinki a gida. Akwai kawu, ƙanen uwa, ma'aikaci a Yamai, wanda ya fi kowa boko a dangi, kuma duk maganar karatu wurinsa ake kai ta.

Makinta na rabin shekara na farko, bisa 20: lissafi 11, fizik da shimi 10,5, ilimin halittu 14, Faransanci 13, Ingilishi 9. Matsakaici, idan an haɗa da sauran darussa, 12,5.

Tun ajin baya take cewa informatik za ta karanta. Abin da ta sani game da kwamfuta a lokacin shi ne wayarta ta Android da wata guda da ta yi a wani shagon buga takardu lokacin hutu, inda ta koyi Word da ɗan Excel. Ba ta taɓa rubuta layin kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ko ɗaya ba. A gidan ma ba wanda ya tambaye ta wace informatik take nufi, domin kowa ya ɗauka abu guda ne.

Ba guda ba ne. Ƙarƙashin kalmar akwai aƙalla sana'o'i huɗu. Akwai kimiyyar kwamfuta zalla, wadda ginshiƙinta lissafi ne da algoritim, wato tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, ita ce hanyar masta da bincike. Akwai injiniyancin manhaja, wato ƙera furogiram manya a cikin ƙungiya. Akwai rezo da sadarwa, aikin wayoyi da sabar da tsaron layi, irin wanda Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms ke ɗaukar ma'aikata dominsa. Sai informatik ta gudanarwa, wadda ke haɗa kod da rumbun bayanai da lissafin kuɗi, domin bankuna da kamfanonin aika kuɗi da ma'aikatu. Abin da ta koya a shagon buga takardu ba ya cikin ko ɗaya, aikin ofis ne.

Yunƙuri na farko: Faransa, Nuwamba 2022 zuwa Satumba 2023

Wani ɗan uwa da ke karatu a Faransa ya ba da shawarar a nema mata can. Kawu ya amince, aka buɗe dosiye ta hanyar Campus France, ofishin da masu neman karatu a Faransa ke bi ta hannunsa, tun ƙarshen 2022, kafin ta zauna bak, kamar yadda tsarin yake ga mai neman shekarar farko. Fasfo da hotuna da hatimin kwafin takardu da zuwa Yamai domin tattaunawa suka ci jika 60. Wata jami'a ta karɓe ta bisa sharaɗin ta ci bak.

Akwai adadi biyu da ba wanda ya zauna ya juya su zuwa sefa. A lokacin, mai neman bizar karatu a Faransa sai ya nuna yana da yuro 615 kowane wata. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, abin ya kama jika 403 a wata, kusan miliyan 4,8 a shekara. Sannan a 2019 kuɗin lisans ga ɗalibin da ba na Tarayyar Turai ba ya koma yuro 2.770 a shekara, wajen miliyan 1,8, haka yake har a 2022, ko da yake a lokacin jami'o'i da dama suna yafe ƙarin. Ribar albasar gidan a shekara mai kyau ba ta kai na farkon ba.

A daminar 2023 ta ci bak tun zagayen farko da matsakaicin 12,10, wato mansiyon da ake ba mai 12 zuwa ƙasa da 14. Lissafi ta samu 10. Ranar 26 ga Yuli 2023 aka yi juyin mulki, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a farkon Janairun 2024 kuma ta sanar da rufe ofishin jakadancinta. Gidan suka yi ta jira har ƙarshen Satumba ko za a sassauta.

Cikin wannan jira wasu ƙofofi suka rufe. Ba a ajiye dosiye a ANAB ba, hukumar da ke kula da burs na cikin gida da na ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Ba a sa sunanta a konkur ko ɗaya ba. Ba a yi rajistar farko a kowace jami'ar gwamnati ba. Burs ɗin Turkiyya, wanda ake nema ta intanet tsakanin Janairu da Fabrairu, tuni ya wuce ba a ma san da shi ba.

Yunƙuri na biyu: makaranta mai zaman kanta a Yamai, Oktoba 2023 zuwa Maris 2024

A Oktoba ƙawayenta duk sun san inda za su, ita tana gida. Kawu ya buga wa uban waya ya ce: "Alhaji, da zaman banza gara aikin kishiya. A turo ta nan ta zauna wurinmu, makarantu sun cika gari." Ya samo takardar tallar wata makaranta mai zaman kanta, an rubuta injiniyancin manhaja da basirar na'ura da tsaron intanet, lisans cikin shekara uku, da hoton ɗalibai gaban kwamfutoci. A ƙasa akwai lambar wata takardar izini daga ma'aikatar ilimi mai zurfi. Rajista jika 50, kuɗin shekara jika 450 kashi uku: 200, 150, 100. An biya rajista da kashin farko rana ɗaya. An saya mata sabuwar kwamfutar hannu a jika 150, mai Celeron da RAM giga 4 da tsohon faifai mai juyawa, domin mai shagon ya ce sabuwa ce cikin kwali.

Darussa suka fara a Nuwamba. Abin da littattafanta suka nuna na wata huɗu shi ne Word da Excel da PowerPoint, dabarun rubuta wasiƙar ofis, gabatarwa kan tattalin arziki, Ingilishi, da wani darasi mai suna gabatarwa ga informatik wanda tarihin kwamfuta ne da sunayen sassanta. Algoritim yana cikin jadawali awa uku a mako, amma cikin mako 14 an yi shi sau biyar, saboda malamin ma'aikaci ne a wani wuri, sai ya samu sarari yake zuwa. Lissafi babu shi sam a samastir ɗin. Ajin mutum 58 ne, ɗakin kwamfuta na da inji 14, tara ke tashi. Lokacin kuma wuta na yawan ɗaukewa a Yamai, tun da Najeriya ta yanke layin da take ba Nijar a Agustan 2023, makarantar kuwa janaretonta ofis kawai yake ɗauka.

A Fabrairu aka biya kashi na biyu. A farkon Maris wata ɗalibar aji uku ta gaya mata cewa waɗanda suka gama bara har yanzu takardar shaida ta makaranta ce kawai a hannunsu, kuma ɗaya daga cikinsu an mayar masa da dosiyensa a wani konkur na aikin gwamnati. Ta buga wa mahaifinta waya a daren ta ce: "Baba, kada ka biya sauran sai an bincika."

Binciken takardu, Maris 2024

Tsohon mushenta na lissafi a Tawa ne ya rubuta wa kawu abin da zai tambaya, kawu ya je da kansa.

Makaranta mai zaman kanta tana da matakan izini fiye da ɗaya. Akwai izinin kafawa, akwai izinin buɗewa, akwai kuma amincewa da fannin da ake koyarwa da diflom ɗinsa. Lambar da ke jikin takardar talla ta kafawa ce. Ta buɗewa ma akwai, amma fannonin da aka lissafa a cikinta na gudanarwa da kasuwanci ne a matakin BTS, diflom na shekara biyu bayan bak. Injiniyancin manhaja ba ya ciki. Da aka tambaya, sai ofishin ya ce dosiyen yana kan hanya. Kawu ya nemi ganin sunan diflom ɗin a jerin waɗanda CAMES ta amince da su, wato majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Ba a same shi ba. Rashin suna a jerin CAMES kaɗai ba ya nufin gwamnatin Nijar ba ta san diflom ba, amma a nan an rasa duka biyun.

Ya kuma nemi maket, wato cikakken tsarin darussa na samastir shida. A tsarin LMD, wato lisans, masta, dokta, lisans kiredi 180 ne, 30 kowane samastir, kuma maket na gaskiya yana nuna kowane darasi da kiredinsa da awowin lacca da na atisaye da na aiki gaban inji. Abin da aka ba shi shafi ɗaya ne mai sunayen darussa, babu awa, babu kiredi.

Aka yanke shawarar ta daina. Makarantar ba ta mayar da ko dala ba, haka yake cikin takardar da aka sa wa hannu ranar rajista. Lissafin da uban ya yi a littafinsa: makaranta jika 400, kwamfuta 150, kuɗin taksi da kabu-kabu wata biyar 110, abincin rana da fotokofi da kuɗin intanet 100, mota Tawa zuwa Yamai zuwa da komowa sau biyu 40. Jika 800, da 60 na Faransa, 860. An sayar da kwamfutar a jika 90.

Gwajin mako shida, Afrilu zuwa Mayu 2024

Da ta komo Tawa, uwar ta ce a bar maganar kwamfuta ta yi makarantar ungozoma, ga makinta na ilimin halittu. Mushen ya roƙi a ba shi mako shida kafin a yanke. Ya ce wa uban: "Alhaji, har yau ba wanda ya san ko ɗiyar nan za ta iya aikin, ita ma ba ta sani ba. Mu gwada tukuna."

Tsarin gwajin: awa biyu a rana, kwana biyar a mako, awa 60 ke nan. Mako biyun farko babu inji ko kaɗan. Takarda da alƙalami, tana rubuta algoritim da Faransanci mai sauƙi: nemo mafi girma cikin lambobi goma, juya jerin lambobi, gano ko lamba tana rabuwa da wata. Kowane ɗaya sai ta zana tebur ta bi shi layi-layi, tana rubuta abin da kowane ma'aji ke ɗauke da shi a kowane zagaye. Wannan bin sawun shi ne ma'aunin, domin wanda ya haddace kod bai fahimta ba a nan yake tsayawa. Mako na uku da na huɗu ta koma Python, harshen rubuta furogiram, a waya da manhajar Pydroid, da kuma atisayen shafin France-IOI, wanda kyauta ne kuma da Faransanci, yana duba amsa nan take. Mako biyun ƙarshe aka ba ta aiki na gaske: furogiram da zai riƙe lissafin buhunan albasar mahaifinta, wanda aka saya da farashinsa, wanda ya ruɓe a rudu, wanda aka fitar, da bashin da ke kan kowane dillali.

Cikin atisaye 30 ta warware 23 ba taimako, biyar da ɗan haske, biyu ba ta iya ba. Furogiram ɗin albasar ya yi layi 140, ya yi aiki, sai kuskure guda: idan dillali ya biya fiye da bashinsa, lissafin yana rikicewa. Kwana biyu ta yi tana nema har ta gano da kanta cewa ba ta tanadi yanayin da ragowar ke sauka ƙasa da sifili ba. Mushen ya rubuta a takardarsa cewa cikin kwana biyun ba ta ce a gyara mata ba.

Gefe guda ya yi mata jarrabawar lissafi kashi biyu. A tunani na hujja da ƙidayar hanyoyi da jerin lambobi ta samu 14. A analiz, wato iyakoki da deribe da integiral, da kuma lambobin kompleks, ta samu 8,5. Ba abin mamaki ba ne ga ɗalibin D, tun da C ce ta fi ba lissafi da fizik awowi da nauyi.

Auna hanyoyi, Yuni zuwa Agusta 2024

Wannan karon an fara da takarda mai ginshiƙi biyar: diflom da wanda ya amince da shi, yadda ake shiga, nauyin lissafi a shekarar farko, kuɗin shekara gaba ɗaya har da ci da kwana da mota, da inda hanyar ke kai mutum bayan shekara uku. An kuma sa doka cewa ba za a cika layi da abin da ofis ya faɗa kaɗai ba, sai an ji daga ɗalibai biyu na aji biyu ko uku. Tambayoyin da aka yi musu gajeru ne. Wane wata shekararku ta fara, wane wata ta ƙare? Mutum nawa ke zama kan inji ɗaya lokacin aiki? Wa ke koyar da algoritim, malamin dindindin ne ko na haya? Waɗanda suka gama bara sun karɓi diflom? Ina kuka yi istaj, wa ya nema muku?

Jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke Harobanda a ƙetaren gadar Kennedy, ita ce mafi tsufa a ƙasar. A tsangayarta ta kimiyya, informatik da lissafi sashe ɗaya suke, kuma hakan ya nuna irin karatun: analiz da aljabra ne ke cika farkonsa, tare da algoritim. Ita ce hanya mafi miƙewa ga mai son masta da bincike, kuɗin rajista kuma bai kai na masu zaman kansu ba ko kusa. Abin da aka rubuta a gefenta shi ne 8,5 ɗin nan, da yawan ɗalibai a shekarar farko inda ba mai lura da wanda ya fara nutsewa, da kuma matsalar da jami'o'in gwamnati suka daɗe suna fama da ita ta shekarun karatu masu hawa kan juna, har lisans na shekara uku ya ɗauki fiye da haka.

EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, tana da sashen injiniyancin kwamfuta. IAI kuma, cibiyar informatik ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1971 mai hedkwata a Libarbil ta Gabon, tana da reshe a Yamai. Duka biyun da konkur ake shiga, ajin bai kai na tsangaya yawa ba, aiki gaban inji ya fi yawa. Kowace sanarwar konkur tana da sharaɗin shekarun haihuwa da irin bak ɗin da ake karɓa, don haka aka karanta su kalma-kalma, tun da bak ɗinta na bara ne.

Jami'ar Doso, ɗaya daga cikin huɗun da aka kafa a 2014, an karkata ta ga fasahar sadarwa ta zamani. Gidan ba su da kowa a Doso, ita kuma ba rezo ta fi so ba. An yi maganar Sakkwato, tun da ta Ƙonni da Illela ba nisa, amma karatun da Ingilishi ne, digirin shekara huɗu, shiga ta hannun hukumar JAMB, makinta na Ingilishi 9, iyakar ma a Maris ɗin shekarar aka sake buɗe ta bayan wata bakwai a rufe. ESMT ta Dakar, makarantar fasahar sadarwa wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta, an ajiye ta domin gaba saboda tsadar zama.

Layi na ƙarshe shi ne wanda ba wanda ya kalla a 2023, alhali da ƙafa ana iya zuwa: IUT, cibiyar koyar da fasaha ta jami'ar Djibo Hamani, nan cikin Tawa, mai sashen informatik ta gudanarwa. Shekara biyu a samu DUT, ta uku lisans na sana'a. Darussan da ɗaliban suka nuna mata a littattafansu: algoritim, rubuta furogiram, tsara rumbun bayanai da harshensa SQL, nazarin tsarin bayanai na kamfani, rezo, shafukan intanet, lissafi da kididdiga, kontabilite wato riƙon littafin kuɗi, da istaj. Lissafin akwai, amma bai kai zurfin na tsangaya ba. Kwana da ci a gida, babu motar kilomita wajen 550.

Aka tsayar da uku: konkur ɗaya a Yamai, dosiye a IUT, da rajistar farko a tsangayar kimiyya a matsayin madogara. Takardun an haɗa su tun Yuli, kwafi shida-shida masu hatimi: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar bak da takardar makinta, da makin aji ukun lise. An rubuta wa'adin kowace sanarwa a bangon ɗakinta. Daga Yuni zuwa ranar konkur tana yin analiz awa ɗaya da rabi kowace safiya.

Abin da ya biyo baya, ƙarshen 2024 zuwa 2025

Konkur ɗin ba ta ci ba. Da ta fito ta ce tambayoyin tunani sun yi mata sauƙi, na integiral biyu ta bar su fari. Wata huɗu na bita ya ɗaga ta daga 8,5 zuwa 11 a gwajin mushen, bai kai ta gogayya da ƴan C ba. IUT ta karɓe ta. Tsangayar kimiyya ma hanya a buɗe take. Kawu ya so tsangaya, yana ganin DUT ƙaramin diflom ne. Ita ta zaɓi IUT, uban ya goyi bayanta bayan ya ga ginshiƙin kuɗi.

An sayi wata kwamfutar, okaziyo ce wannan karon, a jika 190: Core i5, RAM giga 8, faifan SSD giga 256. Kafin a biya an caje ta, aka cire wayar caji, aka bar ta tana aiki a shagon har awa uku, domin a Tawa batir ya fi kyan kwali amfani. Giga 8 zai wadaci wanda zai kunna tsarin Linux cikin inji na kwaikwayo, wato kwamfuta cikin kwamfuta, tare da rumbun bayanai, abin da ta farkon ba za ta ɗauka ba.

A samastir na farko ta samu matsakaicin 13,2: algoritim 16, lissafi 11, kontabilite 8. Kontabiliten sai da ta sake zama a zagaye na biyu ta samu 11,5. Ba a hango wannan ba lokacin auna hanyoyi, an zura ido ga lissafi an manta cewa ɗan D bai taɓa ganin zare da zubi na littafin kuɗi ba. A na biyu ta samu 13,8, rumbun bayanai 15,5. Ta kammala shekarar da kiredi 60 cif. Duk abin da gidan ya kashe a shekarar, har da kwamfuta da rajista da intanet da mota cikin gari, jika 420. Furogiram ɗin albasa ta sake rubuta shi da SQL, yaron shagon mahaifinta na amfani da shi.

Hukunci

Juyin mulki ne ya rufe hanyar Faransa, amma ko da bai faru ba hanyar ba ta gidan ba ce. Ninka 615 da 656 aikin minti ɗaya ne, da an yi shi a Nuwamban 2022 da ba a buɗe dosiyen ba. Babbar ɓarnar ba jika 60 ba ce, rataya komai da aka yi a ƙusa ɗaya ne. Ajiye dosiye a ANAB da konkur ɗaya da jami'ar gwamnati ɗaya ba ya hana neman waje, kuma da mansiyonta tana da abin nunawa a shekarar da ta ci bak. Wannan damar ba ta komo ba.

Makarantar Yamai kuwa, laifin ba na kasancewarta mai zaman kanta ba ne. Akwai masu zaman kansu da takardunsu suka cika, ɗalibansu na zama BTS na ƙasa wanda OBEECS ke shiryawa, hukumar da ke shirya bak. Kuskuren shi ne an biya kafin a tambaya. Takardu uku da kawu ya nema a Maris, wato izinin buɗewa mai ɗauke da sunan fannin, shaidar amincewa da diflom, da maket mai awowi da kiredi, a Oktoba ma da awa biyu za su ɗauke shi. Maket ɗin shi kaɗai ya isa: lisans na manhaja da babu lissafi a samastir na farko, algoritim kuma awa uku a hannun malamin haya, ya riga ya faɗi abin da yake. Kawun ba sakaci ya yi ba, tausayin yarinyar da ke zaune gida ne ya sa shi gaggawa, kuma masu talla sun san watan Oktoba ne iyaye ke cikin wannan hali.

Abin da ya yi aiki shi ne gwajin mako shida, kuma shi ya fi komai araha. Ya raba abu biyu da makin bak ya cakuɗa: tana da kan kod da haƙurin neman kuskure, ba ta da ƙarfin analiz. Da wannan a hannu, zaɓin ya daina zama gardama tsakanin uwa da kawu. Lokacinsa na gaskiya hutun da ke tsakanin farmiyar da tarminal ne, da an yi shi a can da ta samu shekara guda tana gyara lissafinta kafin konkur.

Maganar kawu kuma tana da gaskiya a ciki, bai kamata a share ta ba. Informatik ta gudanarwa ba kimiyyar kwamfuta zalla ba ce. Idan nan gaba ta so masta a basirar na'ura ko tsaron bayanai, za a tambaye ta aljabrar layi da ilimin yiwuwa da nazarin nauyin algoritim a zurfin da DUT ba ya kaiwa, kuma wasu masta suna fifita mai lisans na tsangaya kan mai lisans na sana'a. Ga ɗalibin C mai 14 a lissafi, da tsangaya ko konkur za a ce ya nufa. Ita an zaɓa mata hanyar da ta fi yiwuwa ta kai ƙarshenta da kuɗin albasa, aka bar giɓin a sane. Mushen ya tsara mata aljabrar layi awa biyu kowace Asabar da Ingilishi rabin awa kullum, tun da takardun bayanin Python da Linux da shi aka rubuta su. An kuma ce kafin ta gama shekara ta biyu ta samo sharuɗɗan shiga na masta uku a rubuce, ɗaya a Yamai, ɗaya a Dakar, ɗaya a Maroko, a ga wanne ke karɓar lisans na sana'a kafin a yanke inda za ta yi shekara ta uku.